Tsamin Teku da Lakar da ke Gindinsa: Amsa ga Wata Malama a Argungu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Argungu. Na gaya wa ɗalibaina cewa ruwan teku yana ƙara tsami saboda hayaƙin da mutane ke fitarwa, sai suka yi mini caa da tambayoyi. Shin teku zai koma kamar ruwan batir ne? Me tsamin yake yi wa lakar gindin teku da ƙananan halittun da ke cikinta? Kuma mu da muke Kabi, nesa da teku, ina ruwanmu? Don Allah a yi mini bayanin da zan iya kai wa aji.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri da ba ki kore tambayar yaran ba.

Ki fara kwantar musu da hankali a kan ta farko. Teku ba zai zama ruwan batir ba, ko a zamaninsu ko a zamanin jikokinsu. Kin san ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, tsantsar ruwa tana kan 7. Ruwan batir yana ƙasa da 1, ruwan lemon tsami wajen 2. Ruwan saman teku kuwa yau yana wajen 8.1, kafin zamanin masana'antu kuma yana wajen 8.2. Ko da duniya ta ci gaba da ƙona man fetur da gawayin kwal ba ƙaƙƙautawa, lissafin masana ya nuna a shekarar 2100 zai sauko ne zuwa wajen 7.7 ko 7.8. Wanda ya yi iyo a ciki babu abin da zai ji a fatarsa.

Amma kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe su. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne. Saukowa daga 8.2 zuwa 8.1 na nufin ƙwayoyin haidurojin da ke kawo tsamin sun ƙaru da kashi 26 zuwa 30 cikin 100. Halittar da aka yi ta don zama cikin ruwan da bai cika sauyawa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare ta.

Tushen abin iskar kabon dayoksaid ce, wadda zan riƙa kira iskar kabon. Kafin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan a sararin sama. Lokacin da Charles David Keeling ya fara aunata a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi a 1958, ta kai wajen 315. Yau ta haura 420. Kusan rubu'in abin da mutane ke fitarwa kowace shekara teku ne ke shanye shi. Da ba don haka ba, da zafin da muke kuka da shi a watan Afrilu ya fi haka. Sai dai shanyewar ba kyauta ba ce. Idan iskar ta narke a ruwa takan zama wani tsami mai rauni, shi kuma ya saki ƙwayar haidurojin. Ƙwayar nan ba ta zama haka nan, sai ta nemi kabonet da ke yawo a ruwan ta manne masa, su zama baikabonet. To kabonet ɗin nan shi ne abin da dodon koɗin teku da kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake cin namanta) da murjani da wasu dubban ƙananan halittu suke haɗawa da kalsiyam su gina ɓawonsu. Saboda haka ɓarnar biyu ce a lokaci guda: tsami na ƙaruwa, kayan gini na raguwa. Idan kabonet ya ragu ya wuce wani iyaka, ruwan da kansa sai ya shiga narkar da ɓawon da aka riga aka gina. A kusa da Hawayi ana auna ruwan tekun a wuri ɗaya tun 1988, kuma layin iskar sama na hawa, na pH na sauka, kafaɗa da kafaɗa. Wannan ba hasashe ba ne, awo ne.

Yanzu mu gangara gindin tekun, inda tambayarki ta fi nauyi, inda kuma ni na fi so mu daɗe.

Yara kan ɗauka gindin teku yashi ne da duwatsu. A gaɓa haka ne. Amma a can tsakiya, inda matsakaicin zurfi ya kai wajen mita 3,700, wani babban yanki, kusan sulusi ko fiye, farar laka ce mai laushi, kuma kusan dukkanta gawarwaki ne. Akwai wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya da ake kira foraminifera, yawancinsu ba su fi ƙwayar yashi girma ba, kowace da ɗakinta na kalsiyam kabonet mai ɗakuna-ɗakuna. Akwai kokolitofo, tsirrai ne da ba a ganinsu sai da madubin likita, suna lulluɓe jikinsu da 'yan faya-fayai na alli. Akwai kuma teropod, ɗan dodon koɗi mai iyo da fikafikai biyu, mai ɓawo garai-garai. Suna rayuwa a sama inda hasken rana yake, idan sun mutu ɓawonsu ya nutse. A hankali yake taruwa, santimita 1 zuwa 3 a shekara 1,000. Allin da ake haƙowa a farin gaɓar Dover ta Ingila irin wannan lakar ce ta daskare.

Sai dai ba ko'ina lakar nan ke taruwa ba. Ruwan can ƙasa ya fi sanyi, nauyin ruwan da ke kansa ya fi yawa, kuma ya tara iskar kabon daga ruɓewar duk abin da ya faɗo daga sama. Abubuwan nan uku duk suna sa kabonet saurin narkewa. Don haka akwai wani zurfi da idan aka wuce shi, ɓawo yana narkewa da saurin da yake saukowa, babu abin da ke saura sai jan yumɓu. A Tekun Atlantika iyakar tana kusa da mita 5,000, a Fasifik kuma ta fi kusa da sama, wajen mita 4,200 zuwa 4,500, saboda ruwan ƙasansa ya fi tsufa, ya fi tara iska. Ɓawon ma iri biyu ne. Foraminifera da kokolitofo suna gini da kalsait, teropod da murjani da aragonait, wanda ya fi saurin narkewa. Shi ya sa masu aragonait su ne na farko da abin ke taɓawa.

Aikin da farar lakar nan take yi wa teku, duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san shi. Idan miyar ta yi tsami sai a jefa 'yar kanwa, kanwar ta narke, tsamin ya kwanta. Kanwa ma kabonet ce, ta sodiyam. Lakar gindin teku ita ce kanwar teku: idan ruwa mai tsami ya iso gare ta sai ta narke, ta mayar da kabonet cikin ruwan, tsamin ya ragu.

Kuma ta riga ta fara narkewa saboda mu. A arewacin Atlantika, kusa da Girinlan da Labrado, ruwan saman teku yakan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse zuwa ƙasa, ya tafi da iskar kabon ta zamaninmu. A 2018 Olivier Sulpis da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya nuna cewa a yammacin arewacin Atlantika, a wuraren da abin ya fi tsanani, iyakar nan ta narkewa ta hauro sama da wajen mita 300. Wato gindin da a da farar laka ke taruwa a kansa, yanzu ci ake yi daga abin da aka tara.

Wasu da suka ji haka sai su ce to ai shi ke nan, teku na da maganin kansa. A nan ne nake so ki tsaya da ɗalibanki, domin a ganina wannan ne zuciyar maganar duka. Maganin yana nan, amma yana can ƙasa, ciwon kuma yana sama. Ruwan teku yana ɗaukar wajen shekara 1,000 kafin ya zagaya daga sama zuwa ƙasa ya dawo. Narkewar lakar har ta kwantar da tsamin aiki ne na dubban shekaru. Mu kuwa mafi yawan iskar da muka zuba, mun zuba ta ne cikin shekarun da dattawanmu masu rai suka gani da idonsu. A tarihin duniya an yi zamunnan da iskar kabon ta fi ta yau yawa nesa ba kusa ba, kuma halittu masu ɓawo suka wadata, saboda ta taru ne sannu a hankali, lakar gindi da zaizayar duwatsun tudu suna biye da ita suna gyarawa. Abin da ke kashewa shi ne gaggawa.

An taɓa yin gaggawa irin wannan, kuma lakar ta ajiye labarin. Wajen shekaru miliyan 56 da suka wuce, wata iskar kabon mai ɗimbin yawa ta shiga sama da teku, duniya ta ƙara zafi da digiri 5 ko fiye. A 2003 wani jirgin haƙa na masu bincike ya ciro dogayen sandunan laka daga tudun Walvis da ke ƙarƙashin teku, yamma da Namibiya, kuma James Zachos da tawagarsa suka wallafa sakamakon a 2005. Idan aka bi sandar daga ƙasa zuwa sama, fari ne, fari ne, sai kwatsam jan yumɓu, kamar an ja layi da wuƙa. Daga nan sai farin ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Iyakar narkewa ta hauro da fiye da kilomita 2, kuma sai da aka shafe fiye da shekara 100,000 kafin abubuwa su koma daidai. Daga cikin nau'o'in foraminifera masu zama a gindin teku mai zurfi, tsakanin sulusi da rabi suka ƙare har abada. Ba tsami kaɗai ya kashe su ba, akwai zafi da ƙarancin iskar oksijin, kuma yau ma ukun nan tare suke tafiya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne lissafin da ya nuna saurin da muke fitar da iskar a yanzu ya ninka na wancan lokacin wajen sau 10.

Wannan ke nan game da zurfi. Lakar gaɓa kuma, ta bakin koguna da cikin dazukan bakin teku, labarinta daban ne, kuma a nan ne mafi yawan ƙananan dabbobin da kika tambaya suke. Cikin tafin hannu ɗaya na irin wannan laka za a iya samun dubban halittu: tsutsotsi sirara, 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande, foraminifera, jariran kawa da na dodon koɗi. Lakar nan dama tana da nata tsamin. Bakteriya na cin ruɓaɓɓun abubuwa a cikinta suna fitar da iskar kabon, don haka ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin lakar, 'yan milimita kaɗan ƙasa da fuskarta, ya fi ruwan da ke sama tsami. Manyan mazauna wurin sun saba. Suna haƙa ramuka suna jawo ruwan da ke saman lakar yana wanke musu gida. Matsalar tana wajen jarirai. Ɗan kawa ko danginsa yakan fara rayuwa yana yawo a ruwa, sannan ya sauka kan laka da ɓawon da bai kai rabin milimita ba, siriri, na aragonait, ya kuma sauka daidai cikin wannan fatar laka mai tsami. Idan ruwan da ke saman lakar ya ƙara tsami, yankin mai narkarwa sai ya ƙara haurowa har fuskar lakar. Mark Green, wani masani a jihar Maine ta Amurka, ya nuna cewa jariran nan suna mutuwa cikin 'yan kwanaki a irin wannan laka saboda ɓawonsu na narkewa a jikinsu. Da ya barbaza dakakken ɓawo a kan wani yankin lakar, waɗanda suka rayu a wurin suka fi na gefe yawa sosai. Wannan darasi ne mai amfani ga duk inda ake kamun kawa: ɓawon da aka cinye naman, mayar da shi ruwa ya fi zubar da shi a bola.

A jihar Oregon kuma, a 2007 da 2008, jariran kawa suka riƙa mutuwa da yawan gaske a wani babban wurin renonsu, har sana'ar ta kusa durƙushewa. Da farko an zargi wata ƙwayar cuta, aka tace ruwa, aka kashe kuɗi, mutuwa ba ta tsaya ba. Daga baya aka gano ruwan da suke jawowa daga teku ne: iska na ture ruwan saman teku, na ƙasa mai tarin iskar kabon yana tasowa gaɓa. Ɗan kawa yana gina ɓawonsa na farko ne cikin kwana biyu da ƙyanƙyashewa, kafin ma ya iya cin abinci, da ɗan guzurin da ke cikin ƙwan. Idan ginin ya yi tsada guzurin ya ƙare, shi ke nan. Yanzu masu renon suna auna ruwan kullum, suna zuba masa sodiyam kabonet kafin su sa jariran. A cikin tanki wannan mai yiwuwa ne. A buɗaɗɗen teku ba wanda ke da abin zubawa.

Foraminifera na saman teku ma an auna su. Wani bincike na 2009 a tekun da ke kudu da Ostireliya ya kwatanta ɓawon wani nau'i na yanzu da na kakanninsa da ke kwance a lakar ƙasa tun kafin masana'antu, aka tarar na yanzu ya fi sauƙin nauyi da kashi 30 zuwa 35 cikin 100. Teropod kuma, Nina Bednaršek ta samu masu rai da ɓawonsu ya zaizaye a tekun Antatika, sannan a gaɓar yammacin Amurka ta tarar fiye da rabin waɗanda aka kamo kusa da gaɓa a 2011 ɓawonsu ya ci sosai.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba daga ɗakin gwaji ta fito ba. A tsibirin Iskiya na Italiya, kusa da Napoli, akwai inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga gindin teku saboda dutse mai aman wuta da ke ƙarƙashi. Mai iyo zai iya tasowa daga ruwa irin na yau ya shiga irin na ƙarshen ƙarnin nan cikin 'yan mitoci. Jason Hall-Spencer da abokansa sun bi wannan hanya suna ƙirga abin da ke raye. Nau'o'in foraminifera a cikin laka sun sauko daga 24 a ruwa na yau zuwa 4 kusa da maɓuɓɓugar, kuma waɗanda suka saura yawanci masu manna ƙwayoyin yashi ne su yi ɗaki, ba masu gina ɓawon kabonet ba. Dodon koɗi ya yi ƙaranci, na wurin ma ɓawonsa a zaizaye. Ciyawar teku kuwa ta yi kore shar, domin ita iskar kabon abinci ce a gare ta.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, kada ki ɓoye wa yaran shi. Ba kowace halitta ke shan wahala ba. Tsirran da ke gina ɗakinsu da silika, sinadarin yashi da gilashi, ba sa narkewa ta wannan hanya. Siraran tsutsotsin laka da yawa suna jurewa. A wani gwaji na 2009 da aka yi da nau'o'i 18 masu ɓawo, 10 ne gininsu ya ragu, wasu irin su ƙaguwa da jatan lande ɓawonsu ma ƙara nauyi ya yi. Sai dai ƙarin ɓawo ba lallai ne ya zama lafiya ba. Akwai wani ɗan'uwan tauraron teku mai siraran hannaye da ke zama cikin laka a tekun Turai, wanda aka sa a ruwa mai tsami ya ci gaba da gina ƙashinsa, amma naman hannayensa ya zube. Da hannayen nan yake cin abinci, da su yake kaɗa ruwa cikin raminsa. Teku ba zai zama kufai ba. Mazaunansa ne za su sauya, masu ɓawo su ja baya, gansakuka da ciyawa su ci gaba, nau'o'i su ragu.

Idan masu haƙa rami suka raunana, lakar kanta ta sauya. Su ne ke juya ta suna shigar mata da oksijin, su ne ke sa bakteriya ta iya sarrafa naitirojin ta mayar wa ruwa da abincin tsirrai. An kuma auna a teku cewa bakteriyar da ke mayar da amoniya zuwa naitiret tana rage aiki idan pH ya sauka. Ga kuma ƙarafa. Lakar bakin tashoshin jiragen ruwa da masana'antu tana riƙe da tagulla da dalma da makamantansu a ɗaure, idan tsami ya ƙaru wasunsu, musamman tagulla, sukan koma siffar da ta fi saurin shiga jikin halitta. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan ƙarfe idan ya sami hanyar shiga jiki.

To, ina ruwanmu a Kabi? Ki ce wa ɗalibanki a kan tsohon gindin teku suke zaune. A ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, waɗanda suka ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, da kuma bayansa, wani reshen teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa ya shigo kwarin Sakkwato. Farin dutsen Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, lakar wannan teku ce, cike da foraminifera da kawa da dodon koɗi da sauran halittun ruwan gishiri. A Dange ana tsintar haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da na kunkuru a cikin duwatsun zamanin. Ta ɓangarenmu na yamma, shimfiɗar yashi da yumɓu da masana suka sa wa sunan Gwandu ce ta rufe shi daga baya, ita ce rijiyoyin burtsatse na Birnin Kabi da Argungu ke shan ruwanta. Kuma simintin da ake yi da dutsen Kalambaina, wanda da yawanmu muka gina ɗakuna da shi, ɓawon halittun nan ne aka gasa. Idan aka gasa kilo 100 na tsantsar kalsiyam kabonet, kilo 44 na iskar kabon ke tashi sama, ban da ta makamashin da aka ƙona. Sana'ar siminti a duniya tana fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar da mutane ke fitarwa. Ban faɗi haka don a daina gini ba. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar da duniya ke fitarwa daga makamashi da masana'antu, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mai neman ɗakin kwana laifin da manyan ƙasashe suka tara. Na faɗa ne don yaro ya ga zagayen da idonsa: teku ya ɗaure iskar a ɓawo, ɓawo ya zama dutse, mu muka kwance ta, rubu'inta kuma ya koma teku.

Sai abinci. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwanninmu, su taitus da shawa da kote, da kifin gwangwani, daga teku suke, da yawa daga arewacin Atlantika da gaɓar Maroko da Muritaniya. Teropod na cikin abin da irin waɗannan kifaye ke ci a ruwan arewa. Gaɓar Muritaniya da Maroko kuma wuri ne da ruwan ƙasa ke tasowa sama, irin na Oregon. Karafish ɗin da ake dakawa a miya daga bakin kogunan kudu yake zuwa, inda kuma dubban mata ke rayuwa da tsintar kawa da ƙananan dodon koɗi a cikin lakar Neja Delta. Amma a yi gaskiya: babban kifi yana iya daidaita tsamin jininsa sosai, kuma abin da ya fi matsa wa kifin teku a yau shi ne yawan kamu da ɗumamar ruwa. An ma taɓa yayata cewa tsami na rikita hankalin kifi har ya daina gudun maƙiyinsa, sai wani babban bincike na 2020 ya maimaita gwaje-gwajen bai ga haka ba. Kada ki ce wa yara kifi zai ƙare. Ki ce musu ana rage ƙarfin ƙasan tsanin da kifin ke tsaye a kai.

Na tabbata wani yaro zai tambaya ko giwan ruwan Matan Fada na cikin haɗari. Ta wannan hanya dai a'a. Koguna dama sukan ɗauki iskar kabon fiye da ta sama, daga ƙasar da suka ratso da ruɓewar ganye, har ma fitar da ita suke yi. Tsamin kogi ya fi dogara da irin duwatsun da ya bi, da abin da ake zuba masa. Inda muke da hannu shi ne taki. Gulbin da ya wuce ta Argungu da Birnin Kabi yana faɗawa Kwara, Kwara ta bi ta Yawuri da Kainji da Lakwaja har Tekun Gini. Takin yuriya da ya wuce abin da shinkafar fadama za ta iya sha, ruwa ne ke tafiya da shi. A bakin manyan koguna na duniya, irin su Misisifi, an ga yadda irin wannan taki ke hayayyafa gansakuka, ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruwan gindi ya rasa oksijin ya kuma ƙara tsami a kan wanda iskar sama ta kawo. Manomin da ya zuba taki daidai gwargwado, a lokacin da ya dace, ya tsare kuɗinsa, ya tsare ƙasarsa daga tsami, ya kuma rage wa na ƙasa da shi nauyi.

Game da aji, ga abin da nake ba ki shawara. Mutane da yawa suna jefa ƙwai cikin ruwan kal ko lemon tsami su ce ga abin da ke faruwa a teku. Yana burge yara, amma yana koya musu abin da ba haka ba, domin tsamin lemon tsami ya ninka na teku wajen sau miliyan ɗaya, kuma ba iskar kabon ce ke aikin ba. Idan kin yi shi, ki faɗa musu hakan. Wanda ya fi shi shi ne na ruwan farar ƙasa da kuke gwada iskar kabon da shi a darasin kemistiri. Ki tace shi ya yi garai, ki ba yaro tsinken shan lemo ya hura a hankali, ki kula kada ya zuƙa. Ruwan zai yi fari, wannan farin kalsiyam kabonet ne, irin na ɓawon foraminifera. Sannan ki tsiyaya ruwan soda marar zaƙi a kai, wanda ba komai ba ne illa ruwa da iskar kabon mai yawa. Farin zai ɓace, ruwan ya koma garai, domin kabonet ya narke ya zama baikabonet. Idan kuna son ganin pH ɗin da ido ba ku da takardar gwaji, ku jiƙa zoɓo ku tsarma shi sosai. Ɗigo kaɗan cikin ruwan kanwa zai ba da launi mai duhu da ya karkata zuwa kore, cikin ruwan soda kuma zai tsaya ja. Idan kuma makarantar za ta iya ɗaukar nauyin mota zuwa Sakkwato, ku nemi izini ku je wajen Kalambaina ko Dange da gilashin ƙara girma, kowane ɗalibi ya fasa ɗan dutse ɗaya ya zana abin da ya gani a ciki.